Lungun abin sha a falon amarya

Amaryar Gesse: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Akwai wani ɗan lungu a falona, tsakanin taga da ƙofar kicin, ba komai a ciki sai kwalin fanka. So nake in mayar da shi wurin haɗa abin sha na gida, su zoɓo, tsamiya, citta, shayi, yadda in baƙi sun zo ba sai na aiki yaro shago sayen lemun kwalba ba. Kafinta ya ce zai yi min kanta mai hawa uku. Me da me zan tanada?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Amarya ba kya laifi. Roƙona ɗaya, in ango ya tambaya kada ki ce masa mashaya za ki buɗe, kar mu ji ana neman waliyyai.

Amaryar Gesse: Kai Anti! Shi ma fa shi ya kawo maganar, wai lemun kwalba ya ishe shi.

'Yar Jega: To ki dakatar da kafinta tukuna. Kanta ado ce. A zafin Birnin Kebbi tambaya ta farko ita ce ina abin zai yi sanyi, kuma awa nawa zai kai bai lalace ba. Ni na yi wannan kuskuren. Na jera jog huɗu cike a kan tebur ranar sunan ƙanwata, cikin watan Afrilu, kafin la'asar kunun aya ya fara yauƙi, sai zubarwa muka yi. Tun daga ranar busassun kaya kaɗai nake jerawa a kanta. Mai ruwa kuwa yana firji ko cikin kula da ƙanƙara.

Maman Biyu: Busassun ga su: zoɓo, tsamiya, citta, kanumfari, masoro, kimba, kirfa, na'a-na'a, garin goruba, garin kuka, aya, dabino. Kowanne da kwalbarsa mai murfi. Kwalaben bama da suka ƙare sun wadatar, ki jiƙa su da ruwan zafi da sabulu, ki shanya har ƙamshin ya fita. Kada ki bar kaya a leda, ƙwari da danshin damina ba za su bar miki ba.

'Yar Jega: Kuma kar ki sayi citta niƙaƙƙiya. Ki sayi gudanta ki daka da kanki. Yawancin cittar kasuwanninmu daga kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kachia da Kafanchan, kuma mai kyau in kin karya ta ƙamshin zai bugi hancinki. Wadda ta yi ramuka tana zubar da gari, ƙwaro ya riga ki sha. Zoɓo kuma ki zaɓi mai duhu sosai, shi ya fi ba da kala. Ki ɗauraye shi da ruwan sanyi da sauri, don akwai yashi, amma in kika bari ya jiƙa rabin jan zai tafi a ruwan wanki.

Goggon Gwandu: Ɗiyata, duk na ji batun firji. Ni abin da zan ce, ki nemi randa ko tulu ki aje ƙasan kantar nan bisa jiƙaƙƙen yashi. Wuta ta zo ko ba ta zo ba, randa na aikinta, ruwa na tsattsafowa ta jikinta iska na busar da shi, shi ke nan sanyi ya samu. Ki jefa saiwar jema ko ɗan kajiji ciki, wanda duk ya sha ruwan sai ya tambaye ki. Mu da shi muka tashi, da hura da soɓorodo, babu wanda ya san wata ƙanƙara.

Maman Biyu: Goggo, Allah ya ja kwana, amma randa a kan tayil ɗin amarya? Kuma da damina ai ba ta sanyi kamar lokacin bazara.

Goggon Gwandu: Da damina wa ke neman sanyi? Tayil kuwa a sa baho ƙarƙashi. Ku yaran yanzu komai sai kun ce ado.

Anti Nas: Ina bayan Goggo, da sharaɗi biyu: marfi, da moɗa ɗaya mai hannu wadda ba a sha da ita. Kuma randa ta ruwa ce kawai, ba a zuba mata abu mai sukari.

'Yar Jega: Ga dabarar da ta fi yi min amfani, ita ce ma zuciyar abin. Kada ki haɗa abin sha gaba ɗaya. Ki dafa mai kauri ki ajiye. Misali zoɓo cikin gwangwanin madara huɗu a ruwa lita 2, da citta da kanumfari kaɗan, ya tafasa kamar minti 15, ki sauke ki bar shi rufe ya huce, ki tace. Babu sukari. Sukarin daban: kofi ɗaya na sukari, kofi ɗaya na ruwa, ki dafa ya narke ki zuba a kwalbarsa. Haka tsamiya, ki jiƙa da ruwan ɗumi ki murje ki tace da kauri. In baƙo ya zo sai ki zuba kaɗan a kofi, ki cika da ruwan randar Goggo, ki sa zaƙi daidai bakinsa. Kwalba uku ƙanana sun fi sauƙin shiga firji a kan jarka, kuma mai ciwon sukari ba zai zauna yana kallon mutane ba. Saura ki zuba a robar ƙanƙara ya daskare.

Amaryar Gesse: Wannan ta shige ni. To kanwa fa? Na ga wasu na sa wa zoɓo.

Maman Biyu: Ni ina sawa, ɗan mitsitsi, tana kashe tsami, sukari ma ba ya tafiya da yawa.

'Yar Jega: Ni ba na sawa. Da hannu ya zarce sai kalar ta koma baƙi-baƙi, ɗanɗanon ya mutu. Tsamin ai shi ne zoɓon. Ɓawon abarba da aka wanke sosai ya fi min, a dafa tare. Abin da ba na sassauci a kai shi ne tukunya: abu mai tsami yana cin tukunyar dalma, ki samu ta silba mara tsatsa ki ware masa. Da mataci da ƙyallen tata nasa shi kaɗai, don in ya taɓa haɗuwa da manja ko albasa an gama.

Anti Nas: Bari in sa baki ta ɓangarenmu. Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini kar ya mayar da shi ruwan sha ba tare da likitansa ya sani ba. Mai ciki ma ta ja baya da shi, amarya kina ji na. Zuma ba a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba, ko ɗigo. Mazarƙwaila da zuma da dabino duk sukari ne a jikin mai ciwon sukari, kar a ce na gargajiya ne a sake jiki. Sai gorunan roba da yara ke tsintowa a titi suna sayarwa: don Allah kar su shigo gidanki, ba ki san me aka zuba a ciki ba.

Malamar Islamiyya: Ƙari a kan maganar ajiya. Abu mai zaƙi in ya kwana biyu a zafi, ya fara kumfa, gora ta kumbura, murfi ya yi ƙarar fitar iska in an buɗe, to ya kama hanyar zama abin da ba ma so. A hadisin Ibn Abbas da Muslim ya ruwaito, ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a ba wani ya sha ko a zubar. Zafinmu ma ba lallai ya jira kwana uku ba. Ki riƙa rubuta ranar da kika dafa a jikin kwalba.

Maman Biyu: Ba wanda ya yi maganar maza. Abokan ango shayi za su nema. Ki ware hawa ɗaya: buta, ƙananan kofuna, filas, ganyen shayi da na'a-na'a. Garin goruba ma ana dafa shi kamar shayi, da citta, da sanyin hunturu ba a magana.

Goggon Gwandu: Kun manta ƙwame. A jiƙa garin, a tace, a sa madara ko nono. Yara ba su barin shi.

Amaryar Gesse: Goggo ƙwame shi ne 'ya'yan kuka ko?

Goggon Gwandu: Ji min ɗiya, a Kabi aka haife ki kuwa? Shi ne. Ba garin miya ba, kar ki haɗa wa baƙi miyar kuka a kofi.

Amaryar Gesse: Na tuba Goggo. To zan fara da uku, zoɓo, tsamiya da citta, kunun aya sai ranar da za a shanye. Kafinta zan ce ya ɗaga hawan ƙasa yadda randa za ta shiga. Wa ya san inda zan samu mai kyau?

Goggon Gwandu: Kar ki saya. Akwai wata wurina ta tsuma, sabuwa sai kin yi kwanaki kina canza ruwa kafin warin ƙasa ya fita. Ki turo yaro ran Asabar da mai Keke, ba mai mashin ba.