Tashoshin Antatika da wayar da ke zuwa mana daga Katsina

Malam Laminu: Salamu alaikum jama'a. Maganar da muka faro jiya a ƙofar shagon Alhaji ita na kawo, don ina kan bakana. Na ce haɗin kan da ƙasashe ke yi kan wutar iska da ta rana a Antatika ya isa ya zame mana darasi. Yanki ne na ƙanƙara zalla a ƙarshen kudancin duniya, inda aka taɓa auna sanyi digiri 89 ƙasa da sifili a tashar Vostok a 1983. Duk da haka Beljiyam ta buɗe tashar bincike ta Princess Elisabeth a 2009, tana ci da injinan iska tara da fanon sola. In an yi a can, mu da rana ke dafa mu tun hantsi mene ne hujjarmu?

Alhaji Mamman: Wa alaikumus salam. Malam, ka san ina ganin girman iliminka, amma ban yarda ba. Masu kuɗi sun haɗa kai da masu kuɗi a inda babu talaka ko ɗaya, babu mai jego, babu mai awo. Mutum nawa ke kwana a tashar nan? Ko mutanen layinmu a unguwar Zariya nan Maradi sun fi su yawa.

Usaini mai sola: Baba Alhaji yana da gaskiya ta wani gefen. Tashar Beljiyam ɗin da rani kaɗai ake zama cikinta, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da rana kusan ba ta faɗuwa. Suna da gurup, wato janareta, na ko-ta-kwana, kuma jirgin da ke kai su daga Afirka ta Kudu mai yake sha. Sannan Malam, sanyin nan da kake gani kamar cikas, taimakon fano yake yi. Fano ya fi ba da wuta in ya yi sanyi, ga farin ƙanƙara na maido masa haske. Ni da nake hawa kwano a watan Afrilu, in na taɓa fano da azahar sai na janye hannu, kuma a daidai lokacin ƙarfinsa ke raguwa. In hunturu ya zo da hazo, yatsa za ka sa ka rubuta sunanka a kai.

Malam Laminu: Na karɓi gyara, Usaini. To bar Beljiyam, mu je tsibirin Ross. Tashar McMurdo ta Amurka da tashar Scott ta Niyu Zilan maƙwabta ne, tsakaninsu kamar kilomita 3. Niyu Zilan ta kafa injinan iska uku bisa tudu, kowane kilowat 330, aka ja waya ta haɗa tashoshin biyu. An ƙiyasta suna rage ƙona gazuwal lita 463,000 a shekara. Abin da ya fi burge ni, wutar Amurka bugu 60 take yi a daƙiƙa, ta Niyu Zilan 50, sai da aka sa na'ura a tsakani tana daidaita su. Ba a ce tunda tsarinmu ya bambanta kowa ya kama gabansa ba.

Hajiya Barira: Malam, waya tsakanin maƙwabta kake ba mu labari? Mu ma ai muna da ita, daga Katsina take shigowa. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulki, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, wadda ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da muke sha. Firigo uku gare ni na ƙanƙara da zoɓo. Na buɗe na farko na tarar da ledoji na yawo cikin ruwa, zoɓon ya yi tsami, da hannuna na kwashe na zubar a kwata. Yara biyu da ke yi mini talla na sallame su, ɗayar marainiya ce. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wa ya tambaye ni kafin a yanke?

A'ishatu: Allah ya mayar da alheri, Inna. Amma abin da ya same ki shi ne ma ya sa nake bayan Malam. Bambancin wayarsu da tamu yana cikin yadda aka ƙulla ta. A tsibirin Ross kowa na riƙe da wani abu na ɗan'uwansa: Amurka ke da manyan jiragen da ke kai mutane da kaya, Niyu Zilan kuma ta sa injinan iskan a matsayin nata kason. Wanda ya yanke wa wani, kansa ya yanke wa. Mu kuwa hannu ɗaya ke miƙowa, ɗaya na karɓa.

Ga kuma yarjejeniyar Antatika ta 1959 da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a Washinton, har da Amurka da Tarayyar Sobiyet suna tsakiyar gaba. Ingila da Ajantina, da duk suna cikinta, sun yi yaƙi a 1982, yarjejeniyar ba ta rushe ba.

Alhaji Mamman: Ɗiyata, ba ta rushe ba don babu abin rabo. An hana haƙar ma'adinai a can tun yarjejeniyar Madrid ta 1991. Ranar da aka buɗe wannan ƙofa za ki ga zumuncin. Ki dubi ƙarshen arewacin duniya mana, inda akwai mai da gas da mutane. Majalisar ƙasashe takwas ta yankin Aktik, a watan Maris na 2022 bakwai suka dakatar da zama da Rasha saboda yaƙin Yukiren. Kwana nawa aka ɗauka?

Malam Laminu: Wannan kam haka aka yi, Alhaji, ba ni da ja. Sai dai ni abin da nake cewa mu ɗauka shi ne kowa ya zo da nasa a hannu. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ƙarar da rayuwarsa yana cewa arzikinmu rana ce. Malbaza ta samu tashar sola mai megawat 7 a 2018, Goru Banda mai megawat 30 a 2023. Da jihar Maradi na da irin wannan har ta yi rara da rana, da wayar Katsina ta zama ta kai-da-kawo, yanke ta ya yi wuya.

Alhaji Mamman: Goru Bandan da kuɗin wa aka gina? Galibi na Faransa da Tarayyar Turai. Ka ga mun dawo inda muka taso.

Usaini mai sola: Ni abu guda na ɗauka daga tashar Beljiyam, kuma ba ya son kuɗin kowa. Kwamfuta ke raba musu wuta bisa muhimmanci: in iska ta kwanta, injin wanki ya jira, na'urar bincike ta ci gaba. Mu nan mutum zai sayi fano biyu da batir ɗaya, ya jona firigo da telebijin da dutsen guga, ya ajiye batirin a ɗakin kwano mai zafi, wata shida ya mutu, ya ce sola ƙarya ce.

Hajiya Barira: To ɗana, firigo ɗaya tak, ya daskare da rana ya riƙe sanyi har asuba, fano nawa zai ci? Kafin azumi nake son sani.

Usaini mai sola: Sai na ga takardar da ke manne a bayansa, Hajiya. Gobe bayan la'asar in sha Allahu zan biyo, a buɗe mini ɗakin in duba inda batir zai zauna.