Waya tana cewa babu wuri, alhali katin memori bai cika ba

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum. Wayata Android ce mai ma'adanar GB 32, kuma na saka mata katin memori mai GB 64 wanda ko rabi bai kai ba. Duk da haka, da na je Play Store domin sauke manhajar banki, sai ta ce babu isasshen wuri, alhali girman manhajar bai kai abin da ya rage a wayar ba. Mene ne dalili, kuma me zan goge ba tare da na yi asarar takardun makaranta ba?

Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam, Malam. Manhajoji a ma'adanar cikin waya suke zama, ba a kati ba, kuma tsarin Android da manhajojin da suka zo da wayar sun riga sun cinye kaso mai yawa na GB 32 ɗin tun kafin ka buɗe kwalinta. Sannan girman da Play Store yake nunawa na saukewa ne kawai. Wayar tana buƙatar ƙarin fili domin ta warware fayil ɗin ta girka shi.

Ka fara da WhatsApp, domin a yawancin wayoyin da ake kawo mini nan matsalar take: bidiyon biki, karatuttukan malamai da saƙonnin murya na zaurukan dangi. A saitunansa akwai sashen kula da ma'adana, wanda yake ware fayilolin da suka haura MB 5 da waɗanda aka yi ta turawa. Ka goge na gogewa, ka mayar da sauran kan kati, sannan ka kashe saukewa ta kai tsaye, in ba haka ba wurin zai sake cika.

Ɗalibar Kwamfuta:
Ina da ƙari, Malam. Tun daga Android 6, wadda ta fito a 2015, ana iya haɗe kati da ma'adanar ciki su zama ɗaya, sai dai ba kowane kamfani ne ya bar wannan damar a wayoyinsa ba. Haka kuma Facebook Lite ya fi babban Facebook sauƙin nauyi nesa ba kusa ba.

Mai Gyaran Waya:
Gaskiya ne, 'yar'uwa, amma ba na ba shi shawarar haɗe katin. Yin haka yana share duk abin da yake kansa, ya kuma kulle shi ta yadda wata waya ko kwamfuta ba za ta karanta shi ba, kuma idan katin mai arha ne, wayar za ta yi nauyi. Ranar da ya lalace, takardun makarantar sun tafi ke nan. Malam, ka kuma lura da maɓallai biyu da suke kusa da juna a saitunan kowace manhaja: na goge tarkacen wucin gadi ba shi da illa, amma na goge bayanai zai fitar da kai daga asusunka, a WhatsApp kuwa zai iya tafiya da hirarrakin da ba ka adana ba.

Malamin Firamare:
Allah ya saka muku da alheri. Na mayar da bidiyoyin kan kati, manhajar bankin ta sauka, katin kuma zan bar shi yadda yake.