Ƙanena ya rufe kansa a ɗaki, ina tsoron kai shi asibiti

Yayar Auta: Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ƙanena shekararsa 19, tun yana ƙarami yanayinsa na mata ne, magana da tafiya duka, in ya fita layi yara su bi shi da ɗan daudu, Baba ya sha zane shi da wayar wuta, an kai shi ruƙiyya ma. Yanzu ba bacci ba cin abinci, jiya na kai masa shayi ya ce min Yaya gara in mutu kowa ya huta. Wlh hankalina ya tashi. Ina so likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi amma in ya faɗi abin da ke ransa ba za su haɗa shi da Hisba ko 'yan sanda ba?

Nas ɗin Dare: 'Yar'uwa wannan maganar mutuwar ita ce ta gaggawa, kar ki ɗauka shagwaɓa ce. Yau ɗin nan ki kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da duk ƙwayoyin gidan ki ɓoye, kar a bar shi shi kaɗai. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta tunzura mutum. Sirrin majiyyaci amana ce, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana fitar da shi haka kawai, kuma ba dole sai ya zazzage komai ranar farko ba, ya fara da rashin baccin da damuwar, in ya ga likitan mai fahimta ne ya ƙara. In Kano kuke akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano, Kaduna kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa.

Abu Hanan: Ni dai hukuncin addini a bayyane yake, a yi masa nasiha. Amma dukan nan ba tarbiyya ba ce, yaron da ba a kama shi da komai ba sai yanayin magana.

Nas ɗin Dare: Malam nasiha sai mai rai ai. Kuma Yaya duk wanda ya ce yana da allura ko ƙwayar da za ta "gyara" shi ki gudu, tun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka. Damuwar ake yi wa magani.

Yayar Auta: Nagode sosai, na kwashe magungunan. Yanzu matsalar Baba ce, in ya ji asibitin ƙwaƙwalwa cewa zai yi na mayar masa da ɗa mahaukaci. Sai dai in sa Umma ta ce ciwon kai ne.