Jikinta za a yanka, amma sa hannunsa ake jira: ina aka rubuta wannan?

Babbar Yaya ta rubuta:

Salamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina laɓe ina karanta ku, yau dai abin ya ishe ni. Ku yi haƙuri da tsawon maganar.

Ƙanwata ce, autarmu, shekararta 26, haihuwa huɗu cikin shekara shida. Ta ukun da tiyata aka ciro ɗan. A ta huɗun, wata uku ke nan, ni na kai ta asibiti wajen ƙarfe ɗaya na dare, ƙafafunta sun kumbura har sai takalmin mijinta ta zura. Likita ta duba ta, ta ce tsohon ɗinkin yana neman buɗewa, a shirya ɗakin tiyata yanzu-yanzu. Sai ga nas da takarda da biro tana tambayar ina maigidan. Auta na kwance, idonta biyu, hankalinta garau, tana ta cewa "ku ba ni in sa hannu mana", amma ko kallonta nas ɗin ba ta yi ba. Mijin ya yi tafiya. Na kira shi, ya ce a dakata tukuna, wai matan zamanin da ba yanka su aka yi ba suka haihu, likitocin yanzu hannunsu na ƙaiƙayin wuƙa, a bar wa Allah. Akwai agogon bango a barandar, na fi minti arba'in ina kallonsa ina sake kira. Daga ƙarshe likitar ce ta fito da kanta, ta karɓe takardar, ta ɗora a kan fayil, ta miƙa wa Auta biro. Sa hannun ya karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Leda uku na jini aka ƙara mata. Ita da yaron duk sun rayu, alhamdu lillahi.

Kafin sallama likitar ta zaunar da ita ta ce mahaifar nan tana bukatar hutu mai tsawo, in ba haka ba ciki na gaba ba ta ɗaukar mata alkawarin komai. Auta ta yarda aka sa mata ashanar hannu ta tazarar haihuwa. Sau biyu tana ɗauko wa mijin zancen tazarar haihuwa yana kashewa. Mako biyu da suka wuce ya riƙe damtsenta ya ji abin. Mari biyu ya ɗauke ta da su, har yau kunnenta na hagu yana ƙara. Ya kwaso ta da jariri ya ajiye a gidanmu, ya ce ba ta komawa sai an cire, don ta saɓa wa Allah ta saɓa wa miji. Mamarmu kuwa, Allah sarki, abin da ta iya faɗi shi ne a yi haƙuri, aljannar mace tana ƙarƙashin ƙafar mijinta.

Ni ba malama ba ce, amma na yi karatun addinina daidai gwargwado. Ina son wanda ya sani ya nuna mini inda aka rubuta cewa baliga mai hankali ba ta isa ta amince a ceci ranta ba sai wani ya yarda ta waya. Kuma me ya sa duk ranar da zance ya zo kan jikin mace, sai a jawo addini a rufe bakin kowa da shi, alhali mutumin nan ban taɓa jin ya tuna da addini ba ranar da take jego ba mai kama mata ko wankin jariri?

Ungozoma19:

Wa alaikumus salam. Sannu Yaya, Allah Ya ƙara mata lafiya. Shekarata 19 a ɗakin haihuwa, bari in faɗa miki abin da ba mu cika faɗa ba. A ƙa'idar aikinmu, mara lafiya baliga mai hankali ita ke sa hannu a kan tiyatarta. Neman sa hannun miji tsoro ne kawai. Ma'aikaciya na gudun ranar da zai zo yana ihu a bakin ƙofa wai an yanka masa mata ba izininsa, sai ta kare kanta da takarda, mai naƙuda kuma ta biya da jininta. Ni ma na taɓa yi a farkon aikina, kuma ban manta fuskar matar ba.

Shawarar likitar ba son ranta ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, wannan ma ga wadda ta haihu da kanta. Mai ɗinki biyu a mahaifa kuwa, in ciki ya shiga da wuri haɗarin fashewar mahaifa yana ƙaruwa, kuma in ta fashe mintoci ake ƙirgawa.

Kunnen nan kada ku yi wasa da shi, mari yana fasa dodon kunne. Ku kai ta a leƙa, kada ruwa ya shiga, kuma ku nemi a rubuta muku abin da aka gani da kwanan wata. Ko ba ku yi niyyar kai ƙara ba, ku adana takardar.

Wani abu kuma: kin san me ya sa mata da yawa suke zaɓar allurar wata uku ko da ba ita ta fi dacewa da jikinsu ba? Don ba ta barin alamar da hannu zai taɓa.

Ɗalibin Ilimi:

'Yar'uwa, Allah Ya ba ku haƙuri. Marin ba shi da mafaka ko kaɗan. Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba, yana cikin Sahihu Muslim, kuma dukan fuska an hana shi ƙarara. Hana tiyata lokacin da rai ke cikin haɗari shi ma kuskure ne babba. Maganar Mama kuma, lafazin da ya zo da ƙafa a kan uwa ya zo, haƙƙin miji da wasu lafuzzan ya zo.

Amma mu yi adalci. Tazara halal ce, Jabir ya ce sun kasance suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, Alƙur'ani yana sauka. Sai dai Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamba 1988, ta sa sharaɗin ya zama da shawara da yardar ma'auratan biyu. Miji yana da haƙƙi a zuri'a. Da ta sa manya sun yi masa magana, da ya fi a ce ya tsinci abin a hannunta. Kuma ina jin tsoron yadda ake ɗaukar laifin mutum ɗaya a jingina wa addini, irin wannan ƙofa ce masu aƙidar feminizim, wato masu rajin 'yancin mata, suke shigowa ta ita.

Bintu Hawwa:

Malam, na gode da ka kawo hujja ba zagi ba, shi ya sa zan amsa maka. Ni ce irin waɗanda kake jin tsoron, kuma ban bar salla ba.

Ka ce yardar biyu. To a gidan Auta me hakan ya zama? In shi ya ce a'a, magana ta ƙare. In ita ta ce a'a ga ciki na biyar, ba wanda zai kira ta a waya ya jira amsarta minti arba'in. Wannan ba yardar biyu ba ce, mutum ɗaya ne riƙe da makulli. Kuma azalun da ka kawo, ai mafi yawan malaman fiƙihu cewa suka yi miji ba ya yin sa ga matarsa 'ya, wato wadda ba baiwa ba, sai da izininta. Ka ga tun can sun san tana da ta cewa. Rabin nan na hukuncin ban taɓa jin an yi wa'azi a kansa ba. Aya ta 233 a Baƙara ta ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta. Likita ta ce ciki zai iya kashe ta. Wace lalura ta wuce wannan?

Kuma ba Musulunci nake tuhuma ba, don abin ba ya da addini ɗaya. A Oktoba 2012, Savita Halappanavar, likitar haƙori 'yar asalin Indiya mai shekara 31, ta kwanta a wani asibiti a birnin Galway na ƙasar Ireland, cikinta na mako 17 yana zubewa. An san ɗan ba zai rayu ba. Ta roƙi a cire, aka ƙi don zuciyarsa na bugawa, har wata ungozoma ta ce mata nan ƙasar Katolika ce. Ƙwayoyin cuta suka shiga jininta, ta rasu ranar 28 ga watan. Sai a 2018 mutanen ƙasar suka kaɗa ƙuri'a, kashi 66 cikin ɗari suka soke dokar hana zubar da ciki. A Afganistan kuwa, a Disamba 2024 Taliban suka hana mata karatun ungozoma da jinya, a ƙasar da mata da yawa ba a barin namiji ya duba su. To wa zai karɓi haihuwar? Can limamin coci, nan malami, amma mai zubar da jinin kullum mace ce, kuma ba ta cikin ɗakin da ake yanke hukuncin.

Ka ce laifin mutum ɗaya ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafin jima'i a rayuwarta, mafi yawa daga hannun miji ko saurayi. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙoƙin matan Afirka ma, a sashe na 14, ta rubuta haƙƙin mace na zaɓar yawan 'ya'yanta da tazararsu. Takarda dai akwai ta. Nas ɗin ce ba ta kalli Auta ba.

Hajiya Kaka:

Ni tara na haifa, shida suka rayu. Bayan na bakwai na ɓoye ƙwayoyi a cikin matashin kaina shekara biyu, marigayi bai taɓa sani ba, kuma ban taɓa jin na yi zunubi ba. 'Yata, ku bi mahaifiyarku a hankali. Abin da aka gaya mata ranar da ita ma ta zo da kuka shi take maimaitawa.

Babbar Yaya:

Na gode muku duka. Malam, manyan da ka ce, an sa su. Kawunmu ya je jiya, ya dawo da sharaɗi ɗaya: a cire ashanar, shi kuma zai ba da haƙuri kan marin. Anti Ungozoma, mun je an leƙa kunnen, dodon ya fashe kaɗan, an ce yawanci yana haɗewa da kansa cikin makonni, takardar tana jakata.

Daren jiya na karanta wa Auta amsoshinku tana shayar da yaro. Da na zo kan ayar Baƙara ta ce in maimaita mata. Da safe Mama ta sake ɗauko zancen komawa, sai Auta ta ɗaga riga ta nuna mata ɗinkin, wanda tun da aka sallame mu Mama ba ta taɓa gani ba. Mama ta daɗe tana kallo, sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Har yanzu ba ta ce komai ba, kuma kawu zai dawo jibi karɓar amsa.