Arziki rigar ƙaya ne, ko kuwa kuɗi ne ƙare magana?

Dillalin kasuwar Mile 12 ta Legas: Salamu alaikum. Alhaji mai canji ya ce duk wanda kuɗinsa ya ƙaru, damuwarsa ce ta ƙaru, wai arziki rigar ƙaya ne. Ranka ya daɗe, ni dai ban yarda ba, kuma lissafi zan kawo. Mafi ƙarancin albashi a Legas naira 85,000 ne tun ƙarshen 2024. A ɗauka mutum yana zaune a Agege, yana aiki a Obalende, kuɗin mota zuwa da dawowa 2,000 a rana. Kwana 22 na aiki, 44,000 ta tafi, bai sayi ko garin kwaki ba. Ga haya, wadda a nan ta shekara ake biya a dunƙule. Ɗakin 600,000 sai an ɗora kashi 10 na ejan, kashi 10 na takardar yarjejeniya, ya zama 720,000, ban da kuɗin ajiya na ɓarna. Wannan ya haura albashin wata takwas. A ninka wa mutumin nan albashi, sannan a gaya mini wace sabuwar matsala ce za ta zo masa da ta fi wadda ta tafi.

Alhaji mai canji, Broad Street: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ai ba a kan mai 85,000 nake magana ba, wannan yunwa ce ke damunsa, maganinta kuwa abinci. Ina magana ne a kan wanda ya tara. A watan Mayu na 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Aka saki naira a watan Yuni, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya ajiye miliyan 100 a banki, da farko tana daidai da dala dubu 217, ta koma kusan dubu 67. Ba ɓarawo, ba gobara, yana kwance kashi biyu cikin uku suka narke. Idan ya ce zai bar su a banki guda, hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, miliyan 5 kawai take lamunce wa mutum ɗaya, kuma kowa ya ga yadda aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, masu manyan ajiya suka koma jiran a sayar da kadarori. Idan ya ce zai riƙe a hannu, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ɗaya yin ciniki da tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Ga kuma canjin takardun kuɗi da ya ƙuntata wa kowa a farkon 2023. Talaka ya yi barcinsa, mai kuɗi yana juyi yana tunanin inda zai kai su gobe.

Akantan Ikeja: Allah ya ja kwana Alhaji, amma talakan ma bai yi barci ba. Faɗuwar nairar da ta ci ajiyarka, shi ta tukunyarsa ta shigo. Fetur ya tashi daga ƙasa da 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki bayan cire tallafi a 29 ga Mayu 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024. Kai ka yi asarar abin da ka ajiye, shi ya rage kwanon da yake ci.

Kuma an auna maganar nan. A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton suka binciki Amurkawa, suka ce jin daɗin yau da kullum yana ƙaruwa da samu har zuwa kusan dala 75,000 a shekara, daga nan ya tsaya. A 2021 Matthew Killingsworth ya ce shi bai ga inda ya tsaya ba. Shi da Kahneman suka haɗu suka sake duba alƙaluman tare a 2023, suka gano cewa ga yawancin mutane yana ci gaba da hawa, sai dai wani ƙaramin kaso na waɗanda dama suke cikin ƙuncin rai, su ne kuɗin ke daina yi musu amfani a wajen dala 100,000. Abin lura shi ne da ninki ake hawan, ba da ƙari ba. Daga 85,000 zuwa 170,000 taki ɗaya ne. Mai samun miliyan 5 kuwa sai ya kai miliyan 10 kafin ya yi taki irin wannan. Shi ya sa dubu 85 za ta canza wa leburan rayuwa, a hannun Alhaji kuma ko kuɗin dizal ɗin mako ba ta kai ba.

Hajiya mai atamfa, Balogun: Ɗana Akanta, Baturen da aka tambaya ba shi da ƙauye guda a bayansa. A nan da zarar an ji ka canza mota, waya ta fara ruri ke nan: kuɗin asibitin gwaggo, kayan ɗakin 'yar wa, takin damina, kuɗin makarantar ɗan ƙani. Taimakon dangi lada ne, ba wanda ya musa. Inda ake kuskure shi ne bayarwa ba tsari, a cikin jarin ake yanka. Mai hankali yana ware kaso sananne daga riba, a ce ɗaya cikin goma, a asusu daban, in ya ƙare a wata sai a jira wata mai zuwa.

Amma abin da ya fi kayar da mutane a garin nan ba dangi ba ne, hawan matsayi ne. Mutum ya tashi daga Idi-Araba ya koma Lekki. Bayan haya akwai kuɗin hidimar unguwa na shekara, masu gadi, kwasar shara, tace ruwan rijiyar burtsatse. Idan layinsa na wuta yana rukunin A, wato na waɗanda aka fi ba wuta, tun Afrilun 2024 kuɗin ya tashi daga kusan naira 68 zuwa sama da 200 a kowane yunit. Janareto mai 20kVA yana shan kusan lita 4 a awa. Awa takwas a rana, kwana 30, lita 960 ke nan. Ko a naira 1,000 aka sayi lita, an doshi miliyan guda a wata. Ga direba, ga makarantar yara mai tsada. Duk waɗannan ba sa sauka in kasuwa ta sauka. Ciniki ya yi ƙasa wata uku, sai a fara cin jari don kada maƙwabta su gane. Wannan mutumin ya fi samu, amma ya fi mai shago a Agege kusa da faɗuwa.

Dillalin Mile 12: Hajiya, to ai wannan ba laifin kuɗi ba ne, shi ya kai kansa. A dubi kasuwarmu. Motar tumatir ta taso daga Kano, ta biyo Kaduna, Mokwa, Jebba, Ilori, Badun. Idan ta lalace a hanya ta yi kwana biyu cikin zafin rana, kwandunan ƙasa sun riga sun zama ruwa, domin nauyin na sama yana danne su. Wanda duk jarinsa ke cikin motar nan guda ya tashi, har da bashin manoma a kansa. Wanda ke da kaya a motoci biyar, ya rarraba tsakanin tumatir da albasa da busasshen barkono, asarar ɗaya ba ta hana shi barci. Haka aka gani a watan Yunin 2022 da aka hana acaba a Ikeja, Surulere, Apapa da sauransu. Yaran da ke da ɗan abin hannu suka koma keke ko tireda, wanda babur ɗin ne kaɗai dukiyarsa ya nemi kuɗin motar komawa gida.

Barista, Yaba: Ku biyun kuna da gaskiya a wuri daban. Matsalolin mai kuɗi da ke isa kotu kusan duk na takarda ne, kuma ana iya kauce musu. Fili ne kan gaba. Kafin a biya ko sisi, a karɓi taswirar filin a kai ofishin Babban Safiyo na jiha a duba ko yana cikin filayen da gwamnati ta karɓe. A yi bincike a ofishin filaye da ke Alausa. In na gado ne na wani dangi, sai shugaban dangin da manyansu sun sa hannu, ba ɗa guda ba. Bayan saye a nemi amincewar gwamna kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada, in ba haka ba cinikin bai cika a idon doka ba. A katange wurin da wuri. Legas ta yi doka a 2016 kan 'yan omo-onile masu tare gini suna karɓar kuɗin harsashi da na rufi, amma fili a buɗe har yanzu ana iya sayar da shi ga mutum uku.

Na biyu gado. Attajiri ya sayi gida da sunan yaronsa, ya ba abokai kaya bashi da baki, ba wanda ya san asusunsa nawa ne. Ranar da ya faɗi, banki ba zai saki kuɗi ba sai an kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu, wannan kuwa watanni ne, in akwai jayayya tsakanin ɗakuna shekaru.

Malamin Zango, Agege: Barista ya taɓo wurin. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Mu ne muke jin kunyar rubutawa. Sannan a gyara fahimta: da Suratut Tagabun ta kira dukiya da 'ya'ya fitina, jarrabawa ake nufi, ba wanda ya ce a guji haihuwa saboda haka. Annabi (SAW) ya gaya wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas cewa ya bar magadansa da wadata ya fi ya bar su suna roƙon mutane, kuma shi ne ya ce wadata ta gaskiya wadatar zuci ce. Duka biyun sun tabbata.

Nauyin da ke hawa kan mai dukiya sananne ne. Nisabi misƙali 20 na zinare, kusan giram 85. In shekara ta zagayo a fitar da ɗaya cikin arba'in, wato 25,000 a kowace miliyan. Ɗan kasuwa mai juya kaya kullum, a mazhabar Malikiyya, zai ƙiyasta kayan shagonsa da farashin ranar, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran za a biya shi. Da yawa kuɗin banki kawai suke lissafawa, su bar sito cike da kaya.

Alhaji mai canji, Broad Street: Allah gafarta Malam, duk abin da kuka lissafa, safiyo, lauya, akanta, ƙiyasin sito, ai shi ne ƙayar da nake faɗa. Kowanne aiki ne da marar shi ba ya yi. Aliko Dangote da kansa ya faɗa a wani taro a Abidjan a 2019 cewa ya taɓa ciro dala miliyan 10 daga banki, ya kai gida ya kalla don ya tabbatar yana da kuɗi, washegari ya mayar. Wanda sai ya gani da ido kafin ya yarda, ina natsuwar take?

Dillalin Mile 12: Amma ya mayar banki, Alhaji, bai rabar ba. A cikin masu kukan ƙaya, wa aka taɓa gani ya tuɓe rigar?

Alhaji mai canji, Broad Street: Ba ta tuɓuwa, ƙanena. Mutum talatin na ci a ƙarƙashinka, ka tuɓe ka ce musu me?

Akantan Ikeja: Ni ma'aunin da zan ba kowa shi ne wannan. A haɗa duk abin da dole a biya a wata, haya a raba ta gida 12, makaranta, abinci, wuta, kason dangi. A raba ajiyar da za a iya taɓawa yau da wannan adadin. Wanda ya samu wata shida, ko a Mushin yake, ya fi kwanciyar hankali a kan mai gida a Ikoyi da ya samu wata ɗaya.

Alhaji mai canji, Broad Street: To ajiyar wata shidan, a naira za a bar ta ko a dala? Amsa wannan tukuna.

Malamin Zango, Agege: Ko a wanne aka bari, Alhaji, in ta kai nisabi ta shekara, a canza da farashin ranar a fitar mata da zakka. Ku kuka fi kowa sanin farashin.