Dutsen da bai kai kilomita ɗaya ba, ta yaya ya samu wata nasa?

Malamin Jogarafi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Ranar Talata muna darasin duniyoyin da ke zagaya rana, na gaya musu tsakanin Mas da Jufita akwai tarin duwatsu masu yawo. Sai wata ɗaliba ta miƙo hoton da yayanta ya buga mata a takarda: wani dutse mai suna Dinkinesh, ga wani ƙarami a gefensa. Ta ce wai watansa ne. Ta tambaye ni, "Malam, abin da faɗinsa bai kai kilomita ɗaya ba, da wane ƙarfi yake riƙe wata?" Na ce ta ba ni mako guda. Yarinyar nan tana da ƙwazo, ba na so in sallame ta da amsar rufa-ido. Masu sani ku taimaka.

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Hoton gaskiya ne. Kumbon Lucy na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya ɗauke shi ranar 1 ga Nuwamba 2023, lokacin da ya gifta dutsen da tazarar kilomita 430 ko ƙasa kaɗan. Tun 1999 aka gano dutsen, amma ɗigon haske kawai ake gani, ba wanda ya san yana da ɗan rakiya. Kumbon ma ba dominsa aka harba shi a 2021 ba, duwatsun da ke bin hanyar da Jufita ke zagaya rana ya nufa. An bi ta nan ne don a gwada na'urar da ke saita kyamara.

Kan tambayarta: duk abin da ke da jiki yana jan na kusa da shi, ƙarami da babba. Jan Dinkinesh rarrauna ne ƙwarai, wanda ya tsaya a kansa ya yi tsalle ba zai dawo ba. To amma watan ma ba gudu yake ba. Tazararsu kilomita 3 ce da ɗoriya kaɗan, kuma sai ya ci kusan awa 53 kafin ya kammala zagaye ɗaya. Mai tafiya a hankali haka, a wurin da babu iska kuma babu wata babbar duniya kusa, ɗan jan nan ya ishe shi. Rana kuwa tare take jan su biyun, kusan daidai wa daida, shi ya sa ba ta raba su.

Maman Ilham:
Malam, ka ƙara mata da batun sunayen, ni shi ya fi taɓa ni. Dinkinesh kalmar Amharik ce ta Habasha, ma'anarta "ke abin mamaki ce". Shi ne sunan da Habashawa ke kiran tsofaffin ƙasusuwan nan na wata halitta mai kama da mutum da aka tono a Hadar, yankin Afar, a 1974, waɗanda Turawa ke ce wa Lucy. Watan kuma aka sa masa Selam, wato salama, sunan irin waɗannan tsofaffin ƙasusuwan na wata ƙaramar yarinya da masanin Habasha Zeresenay Alemseged ya gano a Dikika, can Habasha, a 2000. 'Yan matanka su ji cewa akwai sunayen Afirka a can sama.

Malamin Jogarafi:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya, don na san za ta tambaya. Daga ina watan ya fito? Kama shi dutsen ya yi yana wucewa?

Abu Safwan:
Masana sun fi karkata ga cewa daga jikinsa ya fita. Hasken rana na dukan dutsen, shi kuma yana mayar da zafin, fitar zafin kuwa tana ɗan tura shi. Da yake surarsa ba a daidaice take ba, wannan 'yar turawa tana ƙara masa saurin juyawa a hankali, shekaru miliyoyi. Yanzu ma cikin ƙasa da awa 4 yake juyi ɗaya. Da saurin ya yi yawa sai wani ɓangare ya zame ya watse. Wasu ɓaraguzan suka faɗo suka yi masa tudu kamar ɗamara a tsakiya, ga kuma wani dogon kwari a jikinsa. Sauran suka dunƙule suka zama Selam.

Kuma ka duba hoton da kyau. Na farko ya nuna watan kamar guda ɗaya. Da kumbon ya ƙara gaba ya hango shi ta gefe, sai ga shi dunƙule biyu ne manne da juna, kamar curin fura biyu, kowanne mita 200 da ɗan wani abu. Ba a taɓa ganin wata mai irin wannan sura yana zagaya irin waɗannan duwatsu ba kafin shi.

Malamin Jogarafi:
Na duba takardar, nata hoton na farko ne. Zan buga na gefen in kai mata ranar Talata, kuma zan tafi da yumɓu mu mulmula su a aji, babban da ƙananan biyu.