Otomatik zalla ko mai + da -, wacce zan ɗauka?

Ɗan Jega:
Salam 'yan uwa. Ina son in canza mota, na ga guda biyu a Birnin Kebbi, ɗaya Corolla 2006 otomatik zalla, ɗayar Camry 2010 V6 (inji mai silinda shida) wadda in ka ture sandar giya gefe akwai + da -, dillalin na ta ce min wai mota biyu ce cikin ɗaya, otomatik da manuwal. Ni kuma shekara tara ina tuƙa manuwal, gwiwata ta gaji da kuloci. Mi ne ainihin bambancinsu? Yawan tafiyata Jega zuwa Yauri ce, wani lokaci Zuru.

Malam na Tudun Wada:
Wa alaikumussalam. Zancen dillali ne kawai, babu mota biyu. Giyabos ɗin otomatik ne duka, babu kuloci a ƙafa, abin da anka ƙara shi ne dama ka riƙe giya da kanka. Tiptronic da mutane ka ce ma irin giyar ga, sunan da Porsche ta sa wa nata ne tun 1990, sai ya bi sauran. Kuma ko ka ja - in gudun ya yi yawa kwamfutar motar ba ta yarda ta sauko, don kar injin ya lalace.

Abu Gusau:
Ɗan uwa amfanin + da - na ga shi a wuri biyu. Na farko obatekin, tirela gabanka a hanyar Koko, ka sauke giya ɗaya tun kafin ka fito, kana taka totur ta amsa nan take, ba sai ka jira ta yi tunani ba. Na biyu gangara, awa wajen Zuru, ka riƙe 3 ko 2 injin na rage gudu birki na hutawa, na taɓa jin ƙaurin birkina da kaya cike a but, tun ranan ban sake sakin mota a D kan doguwar gangara ba.

Malam na Tudun Wada:
Gaskiya ne Abu, amma ita ma Corollar tana da 2 da L ƙasan D, aikin ga suka yi, mutane ne ba su taɓa su.

Oga makanike:
Alhaji ni dai abin da nika gani a gareji zan faɗa ma. Ba + da - ka kashe giya ba, man giya ne. Corolla 2006 man giya T-IV taka sha, Camry ɗin man WS, kar ka bari a zuba ma kowane jan mai don ya fi araha. Kuma in tanki ka damunka V6 ta fi mai silinda huɗu irin Corollar sha nesa ba kusa ba. Kafin ka biya ka tuƙa ta har ta yi zafi, ka sa R ka sa D, in tana dukan giya ko tana jinkiri bar ta nan.

Ɗan Jega:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Oga in Allah ya kai mu Asabar zan zo da Corollar ka duba min ita.